Martani: Mai shago ya tsawatar, amma ban da ashar

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da ra'ayinsa a kan masu shaguna da yaran da ke addabar su. Inda ya tsaya shi ne, idan yaro ya shiga shago yana ɓarna, babu laifi mai shago ko yaron shagonsa ya ƙunduma masa ashar ya kore shi. Har yana ganin hakan gudummawa ce ga iyayen da tarbiyya ta gagara. Rubutun ya samu shiga wurin 'yan tireda da masu kantuna, kuma dalilin a fili yake: Malam ya sosa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi. Ni dai ban yarda da shi ba, kuma tun da a bainar jama'a ya yi maganarsa, a nan ya kamata ya ji amsa.

Zan kawo hujjojinsa yadda ya kafa su, kada a ce na rage musu ƙarfi don in ji daɗin kayarwa. Ta farko, ya ce ɗa na kowa ne. A da, duk babban da ya ga yaro yana rashin ji zai hukunta shi nan take, uban yaron ya ji labari ya zo ya yi godiya. Masu cewa kada a zagi yaro, a ganinsa, tarbiyyar Turawa suka aro. Ta biyu, jarin mai shago ɗan kaɗan ne, ribarsa a kan kiret ɗin ƙwai ba ta taka kara ta karya ba, sai yaro ya zo ya fasa, ko ya huda ledar madara, ko ya cusa alewa a aljihu, uwarsa na tsaye tana danna waya. Yaron shago kuma daga ɗan abin da ake biyan sa ake cire asarar. Ta uku, ashar a bakin Bahaushe ba ta da nauyin da ake ba ta: abokai na yi wa juna, taubasai na yi, kakanni na yi wa jikoki, mu ma an yi mana kuma ba mu lalace ba. Ta huɗu, zagi ya fi duka sauƙi, kuma yana aiki nan take. Lallashi sai mai lokaci, mai shago kuwa ga layin masu saye suna jira.

Hujja ta biyu gaskiya ce, ba ni da ja a kanta. Wanda ya wuni a tsaye cikin ɗan akurkin shago, rufin kwano na gasa shi, ya san darajar kowace naira. Akwai yara masu ban haushi, akwai kuma iyayen da suka fi yaran ban haushi, waɗanda in ka yi wa ɗansu magana sai su ce da kai ai yaro ne. Mai shago na da haƙƙin ya kare kayansa, ya tsawatar, ya fitar da yaro, ya nemi a biya shi abin da aka fasa. Duk wannan na yarda. Abin da ban gane ba shi ne yadda aka yi tsalle daga nan aka dira a kan ashar. Wace ashar ce ta taɓa haɗa ƙwan da ya fashe?

Mu koma kan ɗa na kowa ne, tun da a kanta Malam ya fi dogara. Maganar daidai ce, amma rabinta ya ɗauko. Dattijon da ke hukunta ɗan maƙwabci a wancan zamani shi ne kuma wanda zai ba shi abinci in ya tarar ana ci, ya kai shi gida in ya ɓata, ya je duba shi in ba shi da lafiya. Ya san sunan ubansa, wataƙila ma yana wurin aka raɗa masa suna. Ikon tsawatarwa tare yake tafiya da nauyin kulawa. Wanda ya ce yaron nan nasa ne don ya zage shi, amma ba nasa ba ne ranar da yaron ya zo da kuɗin da bai cika ba, wannan ba al'ada yake karewa ba, bakinsa yake nema wa lasisi.

Kuma me dattijon nan yake faɗa in ya kama yaro? Abin da muka sani shi ne, "Kai, ɗan gidan wa ne kai?" Wannan tambayar kaɗai ta isa ta sa gwiwar yaro ta yi sanyi, domin ya san labari zai riga shi isa gida. Babban da ke lailayo ashar a tsakiyar kasuwa kuwa, suna ne da shi tun a wancan lokaci: babban banza. Ana cewa girma ya faɗi. Ko Baturen nan A. H. M. Kirk-Greene, da ya tattara halayen da Hausawa ke auna mutumin kirki da su a lakcarsa da aka buga a 1974, abin da ya lissafo shi ne irin su gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Ya duba iyakar dubawarsa, bai ga gwanintar zagi a jerin ba. Ko dai shi ma ɓoye masa aka yi?

Batun cewa hana zagin yaro aron Turawa ne, nan ne na fi mamakin Malam. Anas ɗan Malik yana yaro ya shiga hidimar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shekara goma yana yi, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito shaidarsa cewa ko tsaki bai taɓa sha ba. Ba wai ana barin yara su yi abin da suka ga dama ba ne. Alhasan ɗan Aliyu ya ɗauki dabino ɗaya daga na sadaka ya sa a baki, nan take kakansa (SAW) ya sa shi ya tofar, ya kuma gaya masa dalili. Umar ɗan Abu Salama hannunsa na yawo a cikin akushi, aka koya masa ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, kuma shi da kansa ya ce haka ya ci gaba da ci har girmansa. A duba kissar dabinon nan da kyau, domin ita ce matsalar mai shago sak: yaro ya ɗauki abin da ba nasa ba ya kai baki. An hana shi, an karɓe, an bayyana masa. Ina aka sa ashar?

Malaman da suka biyo baya ma a kan haka suka tafi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa yawan yi wa yaro faɗa na sa ya saba da shi, har magana ta daina yi masa nauyi a zuciya. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga yara na koya musu ƙarya da munafunci, domin sai su koyi ɓoye abin da ke ransu don gudun hukunci. Waɗannan a wace jami'ar Ingila suka yi karatu?

Yanzu mu dubi ashar ɗin kanta, tun da Malam ya yi ta kewaye-kewaye bai faɗi abin da ake cewa ba. Wa take sauka a kansa? Yaro ne ya fasa kwalba, amma uwarsa ake ambata, ubansa ake ambata, ita ake miƙa wa daƙuwa. Matar tana cikin gida tana tuƙa tuwo, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an kira ta da abin da ba zai faɗu ba a gaban mutanen layinsu. In kuwa aka kai ga sheganta yaro, maganar ta wuce wasa, domin malaman Malikiyya sun lissafa kore wa mutum nasabarsa a cikin ƙazafi, laifin da Suratun Nur ta yanke wa bulala 80. Za a ce ai ba haka ake nufi ba, baki ne ya saba. To, bakin da ya saba da abin da shari'a ta ɗauka da wannan nauyi, gyara yake buƙata ko kariya a jarida?

Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru, wanda ya sa zagin iyayen kai cikin manyan zunubai, ya kuma bayyana yadda hakan ke faruwa: mutum ya zagi uban wani, wancan ya rama a kan nasa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin shago ya ga wannan da idonsa. An zagi yaro, ya ruga, ya tsallaka kwata, ya tsaya inda hannu ba zai kai ba, ya mayar da ita ninki biyu. Mai shago ya sayo wa mahaifiyarsa zagi daga bakin ɗan shekara takwas, a kan alewar da ba ta kai kuɗin kati ba. Wannan ita ce ribar da Malam ke yi masa fata?

Ya ce ashar ba ta da nauyi a wurinmu, tun da abokai da taubasai da kakanni na yi. Wasan taubasai da na kaka da jika yana da sharaɗi: kowa ya san wasa ne, kowa na iya ramawa, kuma da dariya ake tashi. Wanne daga ciki ke akwai tsakanin ƙato mai gemu da yaron da aka aiko sayen magi? Yaron ba ya dariya. In ya rama kuma, shi ne marar kunya, a bi shi da bulala, a kai ƙara gidansu. Ga hanya mai sauƙi da Malam zai auna nauyin abin. 'Yarsa ta dawo daga aike tana kuka, ta ce mai shago ya ce mata uwarki a gaban mutane. Zai ce mata ai ba komai, al'ada ce? Ko takalmi zai saka?

Ga kuma abin da rubutun nasa ya tsallake gaba ɗaya, wanda ni a wurina shi ne ya rushe shi. A kan waɗanne yara ashar ɗin ke sauka? Alhaji ya faka mota a ƙofar kanti, ɗansa ya shiga ya ture gwangwanayen madara suka zube. Me ake ji? "Ayya, ba komai, ranka ya daɗe, ai yaro ne." Har a miƙa masa biskit. Minti goma bayan nan almajiri ya jingina da firij, ko 'yar talla ta taɓa ledar burodi, sai a tuno ɗa na kowa ne, a buɗe baki. Mutum ɗaya ne, shago ɗaya, zafin rana ɗaya. Ashe dai ana iya haɗiye fushi in ana so. Abin da ke zaɓar wanda zai sauka a kansa gwargwadon aljihun ubansa, ba za a kira shi tarbiyya ba. Fin ƙarfi ne. Sau da yawa ma gangarowa yake yi: maigida ya zagi yaron shago da safe a kan lissafi, yaron shago ya sauke a kan wanda ya fi shi rauni da rana.

Mu ma an zage mu ba mu lalace ba, in ji shi. Alhamdu lillahi da Malam bai lalace ba. Amma a cikin rubutun nan nasa ya yi kukan cewa yaran yanzu bakinsu ya lalace, ƙaramin yaro sai ya ɗura wa babba ashar. A ina suka koya? Ba a koyar da ita a islamiyya, ba ta cikin littafin firamare. A tasha suka ji, a bakin famfo, a cunkoson ababen hawa, da kuma bakin shago. Mutum ba zai yi kukan yaɗuwar abu ba, sannan ya nemi a ƙara buɗe masa makaranta a kowane layi.

Saura hujjar cewa zagi na aiki nan take. Yana aiki, in aikin shi ne yaro ya gudu. Gobe fa? Ming-Te Wang na Jami'ar Pittsburgh a Amurka da abokiyar aikinsa Sarah Kenny sun bi iyalai 976, suka buga sakamakon a mujallar Child Development a 2014. Sun gano cewa yaran da iyayensu ke hora da ihu da zagi da cin mutunci suna shekara 13, rashin jinsu ƙaruwa ya yi zuwa shekara 14, ga alamun ƙuncin rai a kai. Kuma ƙaunar da iyayen ke nuna musu a wasu lokuta ba ta goge illar ba. Wannan fa zagin uwa da uba ke nan, masu ci da shi da tufatar da shi. In nasu bai gyara ba, na mai shagon da yaron bai haɗa komai da shi ba ne zai gyara? Shi kuma cewa zagi ya fi duka sauƙi, wa ya ce zaɓin biyu ne kawai?

Ko ta fuskar ciniki ma Malam bai yi wa masu shago adalci ba. Wane ne ainihin mai sayen shagon unguwa? Enid Schildkrout, wata mai binciken zamantakewa daga Amurka da ta yi aiki a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen cefane da talla da kai saƙo, har ya zama ƙafar yaro ce ke haɗa cikin gida da kasuwa. Abubuwa da dama sun sauya, amma a tsaya a bakin kowace tireda da hantsi a ƙirga masu zuwa: sukari, magi, omo, ashana, man gyaɗa, yawanci a hannun yara suke fita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya buɗe shago a cikin unguwa kuwa ya san da yara zai yi hulɗa. Yaron da aka zaga zai kai labari gida kalma da kalma, kuma daga ranar uwar za ta ce a wuce shagon wane a je na gaba. Ba banza ba hadisin Jabir a Bukhari ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali a saye da sayarwa.

Na san za a kawo mini misalan ƙarshe. Yaro ya kai hannu kan tukunyar gas, ko wayar janareta, ko ya ɗauki kwalbar fiya-fiya, nan ma lallashi za a tsaya yi? A'a. A daka masa tsawar da za ta girgiza shi, a fizge shi in ta kama. "Kai!" ta fi kowace ashar gajarta da saurin isa kunne, kuma ba ta bar komai da za a je ba da haƙuri a kansa ba. To, matashin da ya zo da niyyar sata, ko wanda shi ya fara zagi fa? Wannan ya wuce rashin ji, kuma yana da hanyarsa: a riƙe kayan, a kira ubansa ko mai unguwa, in a kasuwa ne a kai wa shugabannin layi. A nan ma a kiyaye harshe, domin kowa ya san abin da ihun "ɓarawo" ke jawowa a kasuwanninmu kafin a tsaya tambayar me aka sata.

Doka ma ba ta tare da Malam. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ce a sashe na 50 abin da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ya aikata ba laifi ba ne, haka ma wanda bai kai 12 ba in hankalinsa bai kai ya gane sakamakon aikinsa ba. Sashe na 399 kuwa ya sa zagin da ka iya tayar da fitina cikin laifuka. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 a sashe na 11 ta haramta cin mutuncin yaro, har da wanda ke taɓa zuciya ba jiki ba. Wato a rigimar ɗan shekara shida da mai shago, wanda aka ɗauke wa alƙalami shi ne yaron, a shari'a da kuma a doka. Baligin ne ake tambaya.

Abin da ya rage shi ne a raba nauyin yadda ya dace. Mai shago ya ɗaga ƙwai da alewa da duk abin fashewa daga inda ƙaramin hannu ke kaiwa, ya sa kanta tsakaninsa da masu saye. In yaro ya yi ɓarna, a tsawatar masa a kan abin da ya yi, a gaya masa dalili, a aika wa ubansa da lissafi. In ya maimaita, a hana shi shiga. A manyan kantuna, ma'aikaci ya yi magana da babban da ya zo da yaron, in ya ƙi ji a kira manaja. Masu shaguna su daina cire wa yaransu kuɗin abin da ba su suka fasa ba, domin rabin ashar ɗin daga tsoron wannan cirewar take fitowa. Iyaye kuma, wanda ɗansa ya yi ɓarna ya biya ya ba da haƙuri ba tare da musu ba, kuma ya gode wa wanda ya tsawatar masa. Wanda ya ƙi yin haka ya ci amanar maƙwabtaka, kuma a kansa ya kamata Malam ya juya alƙalaminsa.

Matsayina dai bai sauya ba. Mai shago da yaron shagonsa suna da cikakken haƙƙin su tsawatar, su hana, su kora, su nemi diyyar kayansu. Ba su da haƙƙin zagin yaro ko iyayensa, ko sau ɗaya, ko ɗan Alhaji ne ko almajiri. Malam ya nemi mu tausaya wa masu shago, kuma na amsa. Ni ma ina neman ya sake rubutu ya gaya musu gaskiya, tun da suna jin maganarsa.